Wayar da Kaka Ya Sa Aka Cire wa Tamostat

"Lafiya ƙalau, sai zafi. Ya ƙarfin jiki, tsoho?"

"Tsoho yana gidanku. Shigo mana, Amarya, kin tsaya raɓe-raɓe a bakin ƙofa kamar wadda ta fasa tulu."

Injiniya ta cire takalmi ta shiga. Sunan da kowa ke kiranta da shi ke nan a gida tun da ta kama aiki a kamfanin haɗa wayoyi, in ban da kakan nata, wanda ya ce shi bai taɓa ganin injiniyan da babu baƙin mai a farcensa ba. Ɗakinsa yana can ƙarshen gidan kawunta, rufin kwano ne ba silin, kuma da azahar ɗin nan zafi yake saukowa daga sama kamar an kifa wa mutum tukunya. Gado ne a ciki, da fanka mai tsayuwa wadda murfinta ya daɗe da ɓata, da akwatin sifanu a ƙarƙashin gado da ya hana kowa taɓawa, duk da shekara shida ke nan rabonsa da gareji. Shekara arba'in da biyu ya yi yana gyaran lagireton mota. Akwai kujerun roba biyu, yana kan ɗaya. Ɗayar ta Iya ce, matarsa, wadda ta rasu wata takwas da suka wuce. Injiniya ta zauna a bakin gado.

"Ina saƙona?"

"Ga cajarka. Shago uku na shiga kafin in sami ta kirki."

Ya ɗaga ta sama yana juyawa, ya taɓe baki. "Na aiki mace ta sayo caja, ta kawo mini zaren ɗinki."

"Ni ma na auri miji na tarar da haƙori huɗu. Kowa ya yi haƙuri da abin da ya samu."

"Biyar ne. Ki ƙirga da kyau."

"Na biyar ɗin rawa yake yi. Ba na lissafa mai shirin tafiya."

"Yarinyar da na goya tana yi mini fitsari a baya, yau ita ke ƙirga mini haƙori."

"Ai shi ya sa bayan ya ranƙwafe, albarkata ce ta yi masa nauyi. Kawo wayar in gwada maka, ina da aiki."

A nan dariyar ta ɗan tsaya. Kaka ya sa hannu a aljihun gaba ya zaro wata safar ƙafa, daga cikin safar ya zaro jakar fata, daga cikin jakar ya zaro wayar. Ya miƙa mata da hannu biyu. Tana karɓa ta kusa sakinta don zafi. Ta juya bayanta, ta ga murfin ya ɗaga, ya yi tozo a tsakiya. Ta san abin da ke cikin wayar nan. Iya ba ta taɓa yarda da rubuta saƙo ba, sai dai ta danna ta yi magana, ko da kuwa daga tsakar gida ne zuwa ɗaki. Saƙonnin muryarta hamsin da biyu suna nan ciki. Wayar Iya kuwa an goge ta an bai wa wata 'yar uwa tun satin rasuwar, ba wanda ya yi tunani. Duk duniya babu inda muryar matar nan ta rage sai cikin wannan abin da ya kumbura.

"Kaka, tun yaushe take irin wannan zafin?"

"Caja ce. Shi ya sa na aike ki."

"Ba caja ba ce. Tun yaushe?"

"Wata biyu. Ko uku. Mutuwa take yi ita kaɗai, sai ta huce ta dawo. Jiya sau shida."

Ta ciro kwamfutarta daga jaka, ta haɗa wayar, ta shiga cikinta. Ba ta sha wahalar shiga ba, kuma wannan ma ya ƙara tayar mata da hankali, don ƙofar da ya kamata ta tarar a kulle a buɗe take. Ta karanta layi biyu uku, ta ɗago kai a hankali.

"Wa ya taɓa wayar nan?"

"Wa zai taɓa ta? Kin san ko kawunki ba na bari ya riƙe."

"Tsoho, dube ni."

"Me zan gani? Goshi ne dai kamar gaban tirela."

"Wa ka kai wa?"

Ya sosa gemu, ya kalli fanka. "Wani mai gyaran waya ne a bakin titi, dattijon kirki. Shi ma da farko ya ƙi, har yana yi mini wa'azi. Ni na matsa masa."

"Ka matsa masa ya yi me?"

"Ya cire tamostat."

Injiniya ta rufe ido. Duk wanda ya tashi a gidan bakanike ya san wannan kalmar. Ɗan ƙarfe ne a hanyar ruwan inji, yana rufe har sai inji ya yi ɗumi, sannan ya buɗe ruwa ya zagaya. A garejin su Kaka kuwa doka ce ba a rubuce ba: mota in ta zo da ƙorafin zafi, kafin a gaisa da mai ita an kwance tamostat an jefa a kwandon shara, a ce ai na ƙasashen sanyi ne. Haka ya koya a wurin maigidansa, haka ya koyar, kuma har gobe ba ka isa ka ce masa kuskure ne ba.

"Waya ba ta da tamostat, Kaka."

"Haka ya ce shi ma. Na ce masa, malam, duk abin da ke ɗaukar zafi a duniyar nan akwai abin da ke riƙe masa wuya, ka nemo shi. Ya yi ta latse-latse, can ya ce ya gani. Na ce to fitar da shi. Da ya ba ni ita kuwa gudu take kamar sabuwa. Ke da kika yi karatun ba ki san da shi ba, ni da ban yi ba na gano shi."

"Na san da shi. Shi nake rubutawa shekara biyar, shi nake ci da shi."

"To ashe ke ce mai shaƙe wa mutane waya."

"Ni ce. Saurara ka ji, in kunnen bai bi haƙoran ba. A cikin wayar nan akwai ƙwaƙwalwa, furosesa muke ce mata. In aiki ya yi yawa ta ƙara gudu, in babu aiki ta rage. Gudu kuwa zafi yake haifarwa. To akwai wata 'yar manhaja da ke zaune tsakaninta da babbar manhajar wayar, idonta na kan ma'aunin zafi. In zafi ya kai wani mataki ta ce a rage gudu. In ya ƙaru ta ce a ƙara ragewa. Direba muke ce wa irinta."

"Shi ya sa. Duk motar da ta zo garejina direba ne ya kashe ta."

"Wannan shi yake raya ta. Ka sa waya a jakar fata, ka sa jakar a safa, ka sa safar a aljihu, kana zaune a ƙarƙashin kwano, kana caji kana saurare. Ta ɗau zafi, ta rage gudu don ta tsira da ranta, kai kuma ka je ka sa aka ɗaure ƙafarta a kan totur. Wata uku tana gudun ƙarshe, ko kana barci."

"Ni dai motoci dubu na cire wa, ba wadda ta mutu a hannuna."

"A mota in ka cire, ruwa ne yake zagayawa ba tsayawa, ga lagireto, ga fanka. Waya ba ta da ruwa, ba ta da fanka. Rage gudun nan shi kaɗai ne abin da take hucewa da shi." Ta san maganar za ta yi masa ciwo, amma ta faɗa. "Ba tamostat ka sa aka cire ba, Kaka. Lagireton ka sa aka cire."

A rayuwarta ba ta taɓa kayar da tsohon a magana ba sai yau, kuma ba ta ji daɗin nasarar ba ko kaɗan. Ya daɗe yana kallon hannayensa.

"In'ina ta fara yi," ya ce.

"Wa?"

"Kakarki. In na kunna sai muryar ta riƙa yankewa, tana ja, tana maimaita kalma. Matar da ta shekara hamsin da ɗaya tana yi mini faɗa ba ta taɓa tuntuɓen harshe ba. Na ce a'a, ba za ta yi in'ina a hannuna ba."

Tausayinsa ya kama ta. Ta yi ta maza ta danne, don in ta bari ya ga hawaye shi ke nan, shi ma zai karye.

"To tashi, angon ƙarni. Yau za ka yi aikin ƙaramin ma'aikaci. Matsar da tabarmar nan, ina son siminti tsirara. Juyo fankar ƙasa."

Ya tashi da ƙyar ya yi yadda ta ce. Ta kwantar da wayar a kan siminti, ta rage hasken fuskarta har ya kusa ɗaukewa, ta hana ta jan caji. Sannan ta koma kan kwamfuta tana rubutu.

"Me kike yi mata?"

"Ƙwaƙwalwar tana da ma'aikata takwas. Na sallami shida, biyun da suka rage na ce su yi tafiyar tsofaffi. Zafin ya riga ya taɓa ma'ajiyar da muryar take ciki, sai an karanta abu sau da yawa kafin ya fito daidai. In na yi gaggawa za ta mutu a hanya, kuma ban san ko za ta sake tashi ba."

"In ɗebo ruwa in jiƙa tsumma?"

"A'a."

"Akwai ƙanƙara a firjin kawunki."

"Ka kawo ƙanƙara gumi ya taru a cikinta, mu rasa duka. Zauna. Yanzu digiri sittin da ɗaya take, sai ta sauko ƙasa da hamsin zan fara."

Suka zuba wa lambar ido. Hamsin da takwas. Hamsin da biyar. Shi da bai iya karanta komai a kwamfuta ba, lamba dai ya san ta, kuma ya san ma'aunin zafi in yana sauka.

"Ta ina zan fara, na farko ko na ƙarshe?"

Ya yi jim. "Fara da na farko. Lokacin muryar tana da ƙarfinta."

Ta fara. Kowane saƙo sai ya ɗauki kusan minti biyu kafin ya haye, abin da lafiyayyar waya za ta yi kafin a ƙifta ido. Kaka ya ja kujerarsa kusa.

"Wannan ai ko kunkuru ya gaji da jira. A garejina da na kore ki tun da safe."

"A ofishinmu da mai gadi bai bar ka ka wuce ƙofa ba."

"Ni? In na sa babbar riga manajanku ma sai ya tashi tsaye."

"Zai tashi, ya ba ka kujera kar ka faɗi."

"Nawa yanzu?"

"Goma sha ɗaya."

"Na sha ɗaya shi ne wanda take cewa na bar buta a rana."

"Har ka haddace su?"

"Ke in aka yi miki faɗa ɗaya sau ɗari uku ba za ki haddace ba?"

Aka kira la'asar, ya je ya yi ya dawo, ita ma ta yi a gefen gado tana sallamewa ta leƙa lamba. Saƙo ashirin da bakwai. Talatin da huɗu. Zafin yana tsaye a arba'in da takwas, yana ɗan motsi ya dawo. Ta fara jin ƙirjinta yana sakewa, har ta ce masa in an gama za ta sai masa waya mai manyan lambobi irin ta masu jika ashirin, ya ce ta riƙe abarta, shi saurayi ne.

Suna kan na arba'in da ɗaya aka ɗauke wuta. Fanka ta yi juyi uku ta tsaya.

"Innalillahi," in ji Injiniya. "Kwali, Kaka! Ko faranti, ko me ka samu!"

Ya finciko murfin wani kwali daga bayan ƙofa. Kafin ta ce wani abu ya durƙusa a kan siminti, gwiwoyin da ko a sallah sai ya dafa bango, ya kama fifita da hannu biyu. Ita ta sa hannu ɗaya a kwamfuta, ɗaya tana fifita da littafinta. Ta sallami ma'aikaci ɗaya cikin biyun da suka rage. Babu sauran abin ragewa.

"Zafi ya kai hamsin da biyu. Arba'in da uku sun haye."

"Yi haƙuri, 'yar nan," yake ce wa wayar, gumi na ɗiga daga gemunsa. "Yi haƙuri, saura kaɗan."

"Hamsin da shida. Batirin ne yanzu yake zafin, ba ni da iko da shi. Arba'in da biyar sun haye."

"Ƙara mata gudu ta ƙarasa mana!"

"In na ƙara yanzu take za ta mutu."

Na arba'in da shida ya haye. Na arba'in da bakwai ya kai rabi, fuskar wayar ta yi fari, ta yi baƙi. Suka ci gaba da fifita kamar ba su gani ba. Da ta huce Injiniya ta danna makunni, shiru. Ta jira, ta sake dannawa. Ta gwada sabuwar cajar a jikin kwamfuta, ta gwada duk dabarar da ta sani, har wadda ta san ba za ta yi ba. Kwamfutar ma ta daina ganin an haɗa mata wani abu. Ta zare igiyar a hankali ta naɗe.

"Shida sun tafi, Kaka. Na ƙarshen."

Ta kama shi ya tashi, ta zaunar da shi a kujera. Numfashinsa ya daɗe bai daidaita ba. Ta kunna masa na farko a kwamfuta don ya tabbata suna nan, muryar Iya ta cika ɗakin, tas, ba yankewa, tana tambaya wa ya ɗauke mata almakashi. Ya saurara har ƙarshe kansa a ƙasa.

"Na asibiti ne shidan," ya ce. "Biyar nawa ne, ba komai a ciki sai ka sha magani, ka rufe taga. Na ƙarshen naki ne."

Lokacin jinyar Iya tana can wurin aiki, an sa musu ranar fitar da sabuwar waya, kullum tana cewa sati mai zuwa. Ranar da ta taso, a mota aka kira ta aka ce Iya ta rasu. Wata takwas ba ta yi maganar da kowa ba, kuma ba ranar da ba ta tuna ba.

"Nawa? Kuma ba ka taɓa faɗa mini ba?"

"Ta ce in tura miki. Ban iya turawa ba, kuma na ji kunyar in ce a koya mini. Daga baya na yi rowa. Shi ne na ƙarshe da ta yi, na ce bari in riƙe shi kwana biyu." Ya goge fuska da hula. "Da kika ce ta ina za a fara, na so in faɗa, sai na ji nauyi. Na ɗauka duk za su haye."

Ta so ta yi fushi, ta nemi fushin ta rasa. Tsoho ne kawai a gabanta, gwiwar wandonsa duk ƙura.

"Me ta ce?"

"Kunna naki abin ɗaukar maganar. Amma in kika yi dariya na sake ki."

"Wa zai kwashe ka in na tafi?"

Ta ciro wayarta ta danna, ta ajiye a kan gwiwarsa. Ya gyara zama, ya yi gyaran murya, ya ɗan karkatar da kai yadda Iya take yi in za ta yi magana. Muryar da ta fito ta tsoho ce mai haƙori biyar, amma jan kalmar da inda ake tsayawa a ja numfashi duk na Iya ne.

"Malam, ka tura wa 'yar nan wannan. Ke, an ce kina ta kuka a waya wai ba ki zo ba. Kar ki taso, ki gama aikinki, ni ba inda za ni sai inda kowa zai je. Na yafe miki duniya da lahira, ko da yake ba ki yi mini komai ba. Ga mijinki nan na bar miki. Ba ya jin magana, a kan kuskurensa yake rantsuwa, amma in kika bi shi a hankali yana dawowa hanya. Kar ki gaji da shi."

Ya tsaya. Injiniya ta sa bayan hannu ta toshe baki, hawaye na bin yatsunta.

"Ka tabbata haka ta ce? Ba ka rage komai ba?"

"Na rage."

"Me?"

"Ta ce kin fi ni hankali." Dariya ta ƙwace masa, ƙarama, idonsa jawur. "Wata takwas ina gardama da ita a kan wannan. Ki bar abin yana ɗauka, Amarya, sau ɗaya zan faɗa. Ta yi gaskiya."